Zaure Ɗaya, Tukunya Biyu

Shekarar da muka cinye irinmu, ni da hannuna na sauko da shi daga saman rumbu. Zangarkun gero ne zaɓaɓɓu, waɗanda na ware tun kaka na ɗaure da kaba, na ce duk wanda ya taɓa su sai na karya mishi hannu. Da bazara ta yi nisa, busasshen ganyen tafasa ya ƙare, ganyen jiga na daji ya yi wuyar samu, yaran gidan suka daina kuka suka koma kallo, sai na jingina tsani na hau. Surukata ta sussuka, ta daka. Ba ta dube ni ba, ni ma ban dube ta ba. Muka sha kunu na 'yan kwanaki. Daga nan gona tana jiran ruwa, mu kuma ba mu da ƙwaya ɗaya ta jefawa a rami.

Ƙauyenmu yana ƙasar Gidan Sori. Gidanmu zaure ɗaya ne, amma tukunya biyu. Tun maigidana yana da rai suka raba gandu shi da ƙanensa, kowa da gonarsa, kowa da rumbunsa da murhunsa, dangar kara a tsakani. Da maigidana ya rasu, ƙanen nan ya zama babban zaure, mutane suka koma kiran gidan duka da sunansa. A ɓangarenmu kuwa ɗana na fari ne maigida. Shi kuma tun bayan kakar da ba ta yi ba ya ƙetara iyaka ya yi kudu neman abin da za a ci. Ya yi aike da farko, daga nan sai shiru. Ya bar ni da matarsa mai jego da yara ƙanana.

Ɗan fari ba a kiran sunansa. Uwata har ta koma ga Allah ban taɓa jin sunan yayana a bakinta ba. Nawa kuma abin ya yi nauyi biyu, don sunan kakansa aka maida mishi, uban mijina, mutumin da ko inuwarsa ban taɓa takawa ba. Babba muke ce mishi a gida. Matarsa ma Babba take cewa, in ta kama dole.

A lokacin soja ne ke riƙe da ƙasa, ana ta cewa za su maida mulki hannun farar hula, a sake zaɓe. Shekara ce ta rubuta mutane. Yau a zo don katin zaɓe, gobe a zo don awon hannun yara. Ana cikin haka wani furoje, aikin masu ba da agaji, ya zo da nasa rubutun. Abu biyu suka kawo. Na farko, duk gidan da ke da majiya ƙarfi su je fako su gina ramukan nan masu siffar rabin wata da ke tare ruwa, a biya su da hatsi. Na biyu, gidajen da ba su sami na gina ba za a ba su iri kafin ruwa ya sauka. 'Ya'yan ƙanen mijina suka je gina, suka karɓo. Mu ba mu da mai ɗaga magirbi balle diga, don haka iri muka sa wa ido.

Ranar rubuta gidaje na je ƙofar maigari na bi layin mata. Mai rubutun saurayi ne, gumi ya jiƙa mishi riga, kansa a duƙe. Da na iso ya tambayi bakin da muke ciyarwa, na faɗa. Sai ya ce, "Sunan maigida?"

Na ja mayafi na rufe bakina. Matan da ke bayana suka fara ƙumshe dariya, don sun san abin da ya tsaida ni. Wani bafaden maigari da ke tsaye ya ce, "Rubuta gidan wane ɗan wane, nan take." Ya faɗi sunan ƙanen mijina, sunan zaure. Saurayin ya rubuta, ya ce mai bi ta matso. Na koma gida raina a kwance. Har yau ban ga wanda zan ɗora wa laifi ba. Bafaden ya fid da ni kunya ne, ni kuma na yi abin da aka koya mini.

Shamuwa ta iso, ta fara ɗaukar kara a kan kukar masallaci. Fulanin da ke sauke a bayan gari suka ce iska ta juya. Sai takardar masu iri ta zo daga Gidan Rumji, malamin lakol, wato makarantar boko, ya tsaya ya karanta a bainar jama'a. Na kasa kunne tun daga farko har ya naɗe takardar. Babu Babba, babu sunan zaurenmu ma.

Na tsugunna gaban maigari. Na ce, "Ranka ya daɗe, an tsallake mu."

Ya ce, "Ba a tsallake ku ba. An ce gidanku ya ci na gina."

"Wane gida? Tukunyata ba ta ga ƙwaya ɗaya ba. Kai ka zauna a rabon gandun nan, ka san gida biyu ne."

"Na sani. Amma ba ni na fid da sunayen nan ba. Inji ne a buron furoje, ofishinsu na Gidan Rumji. Zamanin nan kuwa, da aka sallami waɗanda muka zaɓa, ban san ƙofar da zan buga ba. Ki yi haƙuri."

Haƙuri ba a shuka shi. Na tashi na je na sami ƙanen mijina a zaure yana gyaran ƙotar sungumi. Tsakanina da shi akwai wasa tun ina amarya, amma ranar ban zo da shi ba.

Ya ce, "A'a, matar yaya, wa ya taɓa mini ke? Fuskar nan sai ka ce hadarin gabas."

Na ce, "Tashi mu tahi Gidan Rumji, ka gaya musu da bakinka tukunya biyu ce."

Ya ajiye ƙotar. "In kai kaina? An rubuta sunana sau biyu, zamanin soja, ki ce in je in tsaya gabansu? Su ce na ci da baki biyu, jandarma su ɗaure ni? Hatsin da yara suka gino ya riga ya shige ciki, in suka ce in maido, daga ina?"

"To ba ni iri."

"Wallahi abin da ke gare ni rabin gonata ba zai rufe ba. Zo ki duba."

Na duba. Bai yi ƙarya ba. Na ce mishi, "Da yayanka ne da ya tashi." Ya sunkuyar da kai, bai yi mini wasa ba kuma.

Ranar kasuwar Gidan Rumji na fita bakin hanya da sassafe. Wani mai amalanken jaki daga wani ƙauye can gabanmu, wanda ban sani ba, ya ɗauke ni tare da awakinsa da za shi sayarwa, duk ƙashi da fata. Duk tafiyar idona yana gabas. Gajimare ya taru fari-fari a gindin sama. Ban taɓa roƙon Allah ya jinkirta ruwa ba sai ranar, kuma ina roƙon ina istigfari. Suna bai zo mini a rai ba ko kaɗan. Na ɗauka in na ce musu gida biyu ne, magana ta ƙare.

Mai gadin buron ya ce in dawo wata rana. Na shimfiɗa gefen zanena a bakin ƙofa na zauna. Na ce mishi, "Ɗan nan, wata rana ruwa ya riga ya sauka. Nan za ka tsallake ni in za ka shiga, ka tsallake ni in za ka fita." Da ya ga rana ta take ban motsa ba, ya leƙa ciki ya yi magana, aka ce in shigo.

Ɗakin ƙarami ne, fanka tana juyawa a sama, injin wuta yana ruri a bayan gini. Wani yaro ne zaune gaban abin da suke kira ordinater, gilashi mai haske da faranti mai 'yan duwatsu da yake ta dannawa. Ba zai wuce sa'an autana ba. Na ƙare mishi kallo. Farcensa a yanke, idonsa ja don rashin barci, ya tashi ya ba ni kujerarsa ya jawo benci. Bamaraɗe ne, Hausarsa irin tamu.

Ya ce, "Inna, sannu da hanya. Mi ke tahe da ke?"

Na gaya mishi duka. Ya tambayi ƙauyenmu da sunan da aka rubuta, na faɗi na ƙanen mijina. Ya yi 'yan danne-danne, ya tsaya, ya matso da fuskarsa kusa da gilashin.

Ya ce, "Ga ku nan. Layi biyu, suna ɗaya, uba ɗaya, gari ɗaya, kamar tagwaye. Sai dai yawan bakin da ake ciyarwa ne ya bambanta."

"To ka gani. Wane ne ya cire mu?"

"Ni ne, Inna. Ni na ba inji umarnin."

Ban zaci zai amsa haka ba. Na gyara zama. Na ce, "Gaya mini yadda ka yi. Ban yi lakol ba, amma ina ji."

Akwai gyaɗa soyayya a takarda kusa da hannunsa. Ya zube ta a kan tebur, ya yi tsibi biyu, babba da ƙarami. Ya ce babban shi ne duk gidajen ƙauyuka, ƙaramin shi ne waɗanda suka karɓi hatsin gina. "Abin da na ce wa inji shi ne, ɗauko wannan babban, ka ɗebe duk wanda ke cikin ƙaramin, ka ba ni saura. Sauran su ne masu iri. Ɗebewa ke nan, ba wani abu ba."

Na ce, "Ɗaya ya yi gina. A ɗebe ɗaya, a bar ɗaya. Ko yarinya mai tsince wake ta san wannan."

"Shi ba haka yake ɗebewa ba. Ba ya ƙirga ko sau nawa suna ya fito. In ya ga sunan a cikin ƙaramin tsibi, duk layin da ya yi daidai da shi a babban sai ya kwashe, ko biyu ne ko goma." Ya sa yatsa ya ture ƙwaya biyu tare zuwa gefe.

"Bai ga bakina da na ƙanen mijina ba ɗaya ba ne?"

"Masu gina ba a tambaye su yawan baki ba. Ana ɗebewa ne da abin da ke ɓangaren biyu duka. Suna, uba, gari. Iyakarsa ke nan."

"Tukunya fa? Yana duba tukunya?"

Ya ɗan yi murmushi, ba na raini ba. "Ba a rubuta tukunya ba, Inna."

Na dubi ƙwayoyin nan biyu a gefen tebur. Ɗaya ta ƙoshi, ɗaya ba ta ci ba, an ture su tare.

Ya ce ya yarda gida biyu ne, kuma gyaran ba wuya. Zai sauya sunan da ke layinmu, ya sake ba inji umarnin, mu faɗo cikin saura. Amma sai an yi maza, don bayan azahar maigidansa, shugaban buron, zai sa hannu a takarda a fara loda mota, in an sa hannu kuwa an rufe. Ya ɗora yatsunsa a kan farantin.

"Sunan maigida?"

Tambayar nan dai ta ƙofar maigari ce ta biyo ni har nan. Na ce, "Ɗana ne. Na fari."

Ya ɗaga hannunsa daga farantin. Ya gane, ba sai na ƙara ba. Ya ce, "Da wa kika zo?" Na ce ni kaɗai. Ya ce ko akwai mai salula a garinmu da zai kira. Na ce akwai wani, amma lambarsa ban san ta ba. Ya aiki mai gadi kasuwa ko zai ga ɗan garinmu, ya dawo ya ce kasuwa ta cika, bai san wa zai tambaya ba.

Na ce, "Rubuta Babba."

"Babba nawa ne a garinku, Inna? In na sa laƙabi, ya zo daidai da na wani da ya yi gina, inji zai sake ɗebe ku. Kuma ranar rabo sai maigari ya shaida sunan da na gona." Ya yi ɗan tunani. "Ga mai sauƙi. Ba ni naki sunan, in sa ke ce maigida. Muna yi wa matan da mazansu suka rasu, ba su da babban ɗa."

Na ce, "Mi ka ce?"

"Cewa na yi..."

"Ɗana yana da ransa. Don ya yi shiru a kudu sai in zo in goge shi daga gidan ubansa da bakina? Ka rubuta ba ni da ɗa? Kada ka sake."

Ya ce, "Allah ya ba ki haƙuri. Allah ya maido shi lafiya." Sai ya kawo wata dabara, irin wadda ake yi wa amare. Zai riƙa jero sunaye, in ya taka wanda ake nema in yi gyaran murya. Muka fara da sunan uba, wato maigidana. Bai yi nisa ba ya faɗa a kansa, na yi tari, ya rubuta. Har mai gadi ya yi dariya daga bakin ƙofa ya ce, "Tsohuwa, ashe har yanzu ana ji da shi." Na harare shi ya ja bakinsa.

Aka zo kan na Babba. Yaron ya jero sunayen annabawa. Ya jero na sahabbai. Ya bi na ranaku, ya bi na watanni, ya kawo na waɗanda aka haifa ana ruwa da na waɗanda aka haifa a hanya. Mai gadi ya sa baki da nasa. Ni dai ina zaune, ban yi tari ba. Sunan na mutanen da ne, irin na Gobirawan dauri, wanda yanzu ba a sa wa yara. Ko ranar rubutu, da bafaden ya faɗi uban ƙanen mijina, laƙabinsa ya faɗa, ba sunan yanka ba. Na san ko za su kwana suna jerowa ba za su same shi ba.

Ladan ya kira azahar. Hasken taga ya dushe, iska ta shigo da ƙanshin ƙasa daga nesa, ta ɗaga takardun tebur. Yaron ya danne su da hannu. Ya dubi agogon hannunsa kawai ya kau da kai.

Na tuna ranar suna. Ina ɗakin uwata, a garinmu, na juya wa jaririn baya yadda ake yi, ina jin maroƙi a waje yana shelar sunan, ni kuma ina yi kamar ban ji ba. Tun daga ranar sunan yana nan a ƙirjina, bai taɓa hawowa harshe ba. Na tuna yaran gida da idanunsu. Na tuna gonar da na bi na share da hannuna, na ƙone kututture, tana kwance tana jira.

Na ce wa mai gadi, "Fita. Ja ƙofar."

Na tashi daga kujerar, na je kusurwar ɗakin, na juya fuskata ga bango. Na ja mayafina na rufe kai. Na faɗa.

Sai na ji muryar yaron a hankali. "Inna, ki gafarce ni. Ƙarar fanka ta hana ni ji."

Ya tashi ya kashe fanka. Na dafa bangon da hannu biyu, na sake faɗa, da ƙarfi wannan karon, yadda ake kiran yaro daga gona. Na ji sunan ya bugi bango ya dawo mini a kunne da muryata. Na tsugunna a wurin.

Na ji yana dannawa. Can ya ce, "Zo ki gani." Ban iya karatu ba, amma na je. Ya sa yatsa a kan wani layi cikin layuka masu yawa. "Na sake ɗebewa. Ƙanen mijinki ya fita shi kaɗai. Ga gidanki ya tsaya."

Kafin in tafi ya ce bari ya duba wani abu. Ya tambayi injin ko akwai wasu tagwayen layuka irin namu a sauran ƙauyuka. Da amsar ta fito sai ya dafe kai. Akwai su. Ya ce zai nuna wa maigidansa yanzu, amma ba shi da sunayen da zai sa musu, mota kuma ba za ta jira ba. Ban san abin da ya faru da waɗannan gidajen ba. Nakan tuna su duk shekara in shamuwa ta zo.

Ruwan ya same ni a hanya, a bayan amalanken wani mai komawa da buhunan da bai cika ba. Ruwa ne na sosai, na shuka. Mutanen da ke cikin amalanken suna ta hamdala, ni ina lissafin yadda ƙasar tudu ke shanye laima. Washegari tun da duku-duku gari ya fita. Ina tsakar gida ina jin saran sungumi ta kowace kusurwa. Motar iri kuwa laka ta tsare ta a hanya. Kowace safiya sai in je gona in tura yatsa cikin ƙasa in ji inda sanyin ya koma. Ya bar gaɓar yatsa ta farko. Ya bar ta biyu.

Ranar da motar ta iso, sai na tura yatsan duka kafin in ji damshi. Aka taru ƙofar maigari, malamin lakol ya fara kira. Da ya zo kanmu ya ɗaga murya ya faɗi sunan, da na uban. Ni da surukata muna zaune gefe ɗaya, duk muka sunkuyar da kai, babu wadda ta motsa. Ya sake kira. Sai ga muryar ƙanen mijina daga cikin maza.

"Matar yaya, ke kika je har Gidan Rumji kika sayo sunan nan da tsada. Tashi ki karɓa mana!"

Na tashi. 'Yan tiyoyi ne, kwanon awonmu, na gero da ɗan wake a ƙullin leda. Ban koma gida da su ba, gona muka wuce. Ni ke sara, surukata tana bina da jariri a baya tana jefawa tana takewa da diddige. Na zurfafa ramukan fiye da yadda aka saba don su kai ga laimar. Da rana ta karkata sai ga ƙanen mijina da 'ya'yansa da sungumansu, suka kama daga ɗaya gefen.

Ba duka ya tsiro ba. Wajen tudu ya ƙone a rami, wajen kwari ya fito. Gero yana kai gwiwa Babba ya dawo, a rame, da ciwon da ya kwantar da shi can bai sami mai kawo labari ba. Kafin ya iso zaure an riga an gaya mishi abin da na yi a buro. Ya shigo ya tsugunna nesa da ni ya gaishe ni, kansa a ƙasa. Na amsa ina kallon danga. Na ce wa matarsa, "Gaya wa Babba ciyawa ta ci wajen kwari." Da gari ya waye ya saɓa hauya ya tafi.